Maganar Baki Ba Ta Isa Ba, Mai Gida A Rubuta



Yau ina so in ja hankalinmu ne kan wani sakaci da muke yi a harkar haya, musamman mu da Allah Ya hore wa 'yan ɗakuna a nan Legas.

Abin a kaina ya faru a Agege. Wani ɗan hayata mai biyan shekara ya tare ni bayan sallar isha'i, ya ce, "Alhaji, kuɗina na ƙarewa zan koma gida." Na yi masa fatan alheri, na karɓi kuɗin wani bawan Allah mai neman ɗaki. Da lokaci ya yi sai ya ce shi shawara kawai ya yi da ni. Ba takarda, ba shaida. Dattawan unguwa suka zauna, kowa ya rantse, aka tashi ba a gano mai gaskiya ba. Haka na mayar wa mutumin kuɗinsa cikin kunya.

Wani lauya ne ya fahimtar da ni cewa dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi notis na wata 6 ga mai biyan shekara, wata 1 ga mai biyan wata, idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba. Tunda ba ni da hujjar cewa shi ya nemi tashi, sai da na fara lissafi daga farko.

Na san abin da wasu za su ce: ɗan'uwanka ne, takarda alamar rashin yarda ce. Ni ma wannan kunyar ce ta cuce ni. Amma ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi tsakanin muminai. Mutum yana mantuwa, yana canza shawara, yana mutuwa ya bar magada da rigima.

Saboda haka duk wanda ya ce maka zai tashi, a ranar ka rubuta: sunansa, lambar ɗaki, ranar da ya faɗa, ranar da zai ba da makulli, da bashin wuta ko na haya in akwai. Ku sa hannu gaban shaidu 2, kowa ya riƙe kwafi. Wanda bai iya boko ba a karanta masa, ko a rubuta da ajami, ya dangwala.

Shi ma ɗan haya kariya ce gare shi, don ba mai bin sa kuɗin watannin da bai zauna ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.