Watandar Kayan Miya: Shawara Ga Masu Lambun Likoro Da Magidantan Zariya

Rubutunmu na wannan mako zai tsaya ne a kan tukunyar miya da mutumin da ke noma abin da ake zubawa a cikinta.

Duk wanda ya tashi a Likoro, Hunƙuyi, Kudan, Maƙarfi ko Ikara ya san yadda shekarar mai lambu take juyawa. Daga Janairu zuwa Maris tumatir kan yi yawa har ya rasa mai tayawa. Akwai ranar da kuɗin kwando da na tsinka da na mota za su haura kuɗin abin da ke cikin kwandon, sai a yanka a shanya a yi kauɗa, wani ma a bar shi ya ruɓe a gona. Da an shiga Mayu da Yuni kuma, uwargida a Samaru ko Tudun Wada ƙirga tumatir take yi ɗaiɗai kafin ta jefa a miya. Tsakanin lambun da ya ruɓe da tukunyar da ta rasa, tafiyar mota ce da ba ta kai awa ɗaya ba. Amma farashin da mai lambunmu zai samu ana yanke shi ne da labarin da ya taso daga kasuwar Mile 12 ta Legas.

Mun ga illar wannan dogaro ba sau ɗaya ba. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, bayan tsutsar nan da manomanmu ke kira sharon ta cinye gonaki. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan kayan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Kwanaki kaɗan aka yi, amma kayan gwari sun yi kwantai a Arewa, kuma mai lambu ne ya sha asarar. A farkon 2023 ƙarancin takardun naira ya faɗo daidai kakar tumatir, sannan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar ya ninka kuɗin tayar da injin ban-ruwa. Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda aka yi fatan zai riƙa kwashe rarar kaya, ya shafe shekaru masu yawa a rufe. A duk waɗannan, babu wanda aka tambayi mai lambu ra'ayinsa, amma shi ne ya biya.

Shawarar da muke kawowa ƙarama ce, kuma da gangan muke son ta zama ƙarama. Gidaje 25 ko 30 a Zariya su haɗa kai da masu lambu biyu ko uku a Likoro. Gidajen su biya kuɗin kayan miyarsu na wata uku tun kafin a dasa. Masu lambun kuma su riƙa haɗa wa kowane gida kashinsa duk mako, a kwando ɗaya: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, da ganyen da lokaci ya kawo. A ajiye a wuri ɗaya, a rana ɗaya, kowa ya zo ya ɗauka.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wannan tsari. A Japan ya samo asali ne wajen farkon shekarun 1970, lokacin da iyaye mata suka tsorata da gubar da ke shiga abinci suka nemi manoma kai tsaye. Sunansa a can teikei. A Amurka gonaki biyu ne suka fara shi a 1986, ɗaya a jihar Massachusetts, ɗaya a New Hampshire. A Faransa ƙungiya ta farko mai irin wannan yarjejeniya ta kafu a 2001 a garin Aubagne. A Ingila gonar Riverford ta fara ne da kai wa gidaje kusan 30 akwatin kayan lambu, yau tana kai wa dubban gidaje. Abin lura shi ne dukkansu da mutane kaɗan waɗanda suka san fuskar juna suka fara.

Mu kuwa ba ma buƙatar aro suna daga ko'ina, domin muna da watanda. Idan Sallah ta ƙarato, mutum goma ko ashirin kan haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Babu mai cewa shi cinya kaɗai yake so. Kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da kayan cikinsa. Iyayenmu mata sun riƙe adashe shekara da shekaru ba tare da takardar lauya ba. Watandar kayan miya ita ce a ɗauki wannan amana a kai ta lambu.

Mu yi lissafi na misali kawai, kowa ya sa farashin da ya ga ya dace da yau. A ce kwandon mako naira 3,000 ne, gida 30, mako 12. Jimilla naira 1,080,000 ke nan, a hannu, kafin a zuba iri. Mai lambu ya san ma'anar wannan fiye da kowa. A halin da ake ciki, lokacin da ya fi buƙatar kuɗin iri da mai da 'yan ƙwadago shi ne lokacin da aljihunsa ya fi bushewa. Daga nan ne yake faɗawa hannun mai ba da kaka, ya karɓi kuɗi a kan zai biya da kaya a farashin da aka murƙushe shi. Idan masu cin kayan ne suka biya tun farko, a farashin da aka zauna aka amince, wannan igiya ta sake. Shi kuma magidanci, malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibitin Shika ko na Kongo, ya san kuɗin cefanensa na wata uku ba zai tashi da shi tsakar dare ba.

Sai maganar da ta fi nauyi, wato noma ba da guba ba. A birane yanzu ana yayin kalmar oganik, ana manna ta a leda a ninka farashi. Mu ra'ayinmu kada watandarmu ta ɗauki wannan suna a shekarar farko. A ƙasashen da ke da doka a kai, gona kan yi shekara biyu zuwa uku ba ta ga takin zamani ko maganin feshi na kamfani ba kafin a yarda a kira amfaninta da wannan suna. Lambun da bara aka yi wa feshi duk mako ba zai wayi gari ya zama oganik don mun buga kwali ba. Abin da za a iya yin alƙawarinsa tun ranar farko shi ne gaskiya: littafi ɗaya da za a rubuta duk abin da aka zuba ko aka fesa, da ranar da aka yi, kuma kowane memba yana da damar zuwa lambun ya duba. Gani ya kori ji.

Kuma akwai dalilin damuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Wancan wake ne da ake auna shi a bakin iyaka. Tumatir da kabejin da muke ci a gida babu mai auna su. Kowace kwalbar maganin feshi tana ɗauke da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a tsinki amfani, amma mun san idan kasuwa ta yi kyau da wuya a jira. Mai feshin kansa, wanda sau da yawa ƙaninmu ne ɗan shekara goma sha, yana yi ne ba takalmi ba abin rufe hanci. Ita sharon ɗin ma ta nuna mana iyakar feshi, domin tsutsar tana shigewa cikin ganye da 'ya'ya inda magani ba ya kai mata sosai, kuma ta saba da magunguna da dama.

Hanyar rage guba ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun riƙe ƙasa da kashin shanu da na awaki da toka, kuma har yau akwai masu yarjejeniya da Fulani su sauka a gona bayan girbi. Akwai jiƙon 'ya'yan dogon yaro, akwai sauya amfani daga fili zuwa fili don kada ƙwaro ya yi gida, akwai tarkon da ke jawo namijin malam-buɗe-littafin sharon, akwai ƙone ragowar shukar da ta kamu. Ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ta NAERLS a Samaru, a bakin ƙofarmu. Sai dai a kula da abu biyu. Takin da bai ruɓe ba yana iya sa cuta a latas da duk abin da ake ci ɗanye, don haka a tara shi ya nuna kafin a zuba. Sharar bola ta gari kuma, wadda da can taki ce mai kyau, yanzu cike take da leda da mataccen batir.

Mun san za a kawo suka, kuma masu sukar suna da hujja.

Na farko za a ce amana ta yi ƙaranci. Mai lambu zai karɓi kuɗi, ranar da kwando ya yi tsada ya karkatar da kayan kasuwa. Hakan na iya faruwa. Haka shi ma memba, ranar da tumatir ya yi arha a Sabon Gari zai ji kamar an cuce shi. Maganin duka biyun shi ne a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu da mai unguwa, a riƙa sakin kuɗin kashi uku maimakon lokaci ɗaya, kuma a fara da mutanen da idan sun saɓa za su ji kunyar haɗuwa a masallaci ko wurin suna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan ne ma ya sa muke cewa gida 30, ba 300 ba.

Na biyu tambaya ce ta addini, kuma bai kamata a tsallake ta ba. A tsarin Turawa, idan amfani ya lalace memba ya yi asara tare da manomi. A fiƙihu kuwa, cinikin da ake biyan kuɗi kafin kaya, wato salam, yana da sharuɗɗa: a san nau'in kaya, a san awo, a san lokacin bayarwa, a biya kuɗin tun farko, kuma kada a ɗaure cinikin a kan amfanin wata gona guda. Ke nan "duk abin da lambu ya bayar" ba zai shiga wannan babi ba, kuma sakin kuɗi kashi uku sai dai idan kowane wata cinikinsa daban. Hanya biyu ce a buɗe: ko a fayyace awon kowane kwando, idan lambu ya gaza a cike daga wani lambun da aka amince da shi, ko a yi shi a matsayin haɗin jari, riba da asara a raba. Kowace watanda ta kai takardarta gaban malamin da ya san babin ciniki kafin a karɓi ko kwabo. Tun ran gini tun ran zane.

Na uku za a ce uwargida ba za ta yarda a zaɓa mata cefane ba. Gaskiya ne, kuma ita ce za ta raya tsarin ko ta kashe shi, don haka ita za a fara tambaya. Jerin abin da za a shuka mata ne ya kamata su tsara, ba mazan da ke zaune a benci ba. A kuma faɗa musu tun farko cewa kwandon Fabrairu ba zai yi kama da na Agusta ba. Da rani tumatir da karas da kabeji da albasa; da damina kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, lalo, zogale da kabewa. Watannin tsada kuwa, kauɗar da aka shanya a kan tabarma mai tsabta da busasshen tattasai su ne za su cike gurbi, daga rarar da a da take ruɓewa.

Na huɗu, wa zai yi ɗawainiyar? Nan ne mu matasa muka shigo. Da yawanmu mun gama difloma a Nuhu Bamalli ko wata makarantar, takarda na cikin jaka, muna jiran aikin da bai zo ba. Watanda na buƙatar mai riƙe littafi, mai auna kaya, mai sanar da membobi ta WhatsApp abin da ke cikin kwandon mako, da mai A Daidaita Sahu ko ƙaramar mota da zai yi jigila. Wannan aiki ne, a yanka masa lada a fili cikin kuɗin kwando. Idan aka bar shi a matsayin taimako, wata biyu zai yi ya mutu. Abin da muke roƙo kada a yi shi ne a fara da zaɓen shugaba da mataimaki da buga kalanda da neman ganin ciyaman. A fara da kwando.

Ba mu ce wannan zai maye gurbin kasuwa ba. Manyan motoci za su ci gaba da lodi zuwa Kudu, dillalai za su ci gaba da sana'arsu, kuma suna da amfaninsu. Mai lambu ya ware ɓangare kaɗan na filinsa don watanda, sauran ya kai inda ya saba. Amma wannan ɓangaren shi ne wanda ya san farashinsa tun kafin ya dasa, kuma ya san sunan yaran da za su ci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watandar da za ta ci kayan rani, tun kafin ruwa ya ɗauke ya kamata a zauna a kanta, kafin a zuba irin tumatir. Masu lambu na cikin wannan zaure, ku faɗa mana abin da muka manta a lissafin. Iyayenmu mata da 'yan uwanmu na Zariya, me kuke son gani a kwandon, kuma nawa za ku iya biya? Malamanmu, a warware mana batun salam da haɗin jari.

Allah Ya sa albarka a noma, Ya tsare mana abin da muke ci.