Bayan ran iyayensu, wa zai riƙe su?



Daga Rikoto zuwa Dabai, da wuya a rasa unguwar da ke da wani baligi mai raunin ƙwaƙwalwa. Wannan daban yake da taɓin hankali: jinkirin fahimta ne tun daga yarinta, karatu da lissafin kuɗi na yi masa wuya. Mun san shi sarai. Shi ke ɗebo mana ruwa, shi ke dakon kaya ranar kasuwa, ladansa kuwa ragowar tuwo da tsokanar yara. Ya haura shekara 30, amma har yau "yaro" muke ce masa.

Ku zauna da mahaifiyarsa ku ji abin da ke hana ta barci: ranar da ta kwanta dama, hannun wa zai faɗa?

Irin wannan fargaba ce ta sa wata uwa a Ingila, Judy Fryd, ta haɗa kan iyaye a 1946. Ƙungiyar tasu ce ta zama Mencap, wadda yau take taimaka wa irin waɗannan manya su sami aiki da wurin zaman kansu. A nan gida, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To amma doka ba za ta shigo zauren gidanmu ta koya wa mutum sana'a ba.

Mu mutanen Zuru ba marowata ba ne. Masallatai da majami'u da ƙungiyoyin matasa kullum cikin rabon abinci suke. Roƙonmu shi ne a ware wani kaso na wannan sadaka a biya mai gida ya koyar da su: kiwon awaki, wankin mota, ɓarar gyaɗa, aikin lambu. Koyonsu na son haƙuri da maimaici, amma suna iyawa. A sami amintacce guda da zai riƙa duba kuɗinsu, kada a cuce su. A kuma tambaye su aikin da su kansu suke so.

Kafin nan, mu fara da kanmu. Duk wanda ya yi mana aiki a wannan mako, mu biya shi cikakken haƙƙinsa, mu kira shi da sunansa.

Allah Ya ba mu ikon aikatawa.