YARO BA GANIMAR SAKI BA NE

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da masu kasa kaya a kasuwannin Bodinga da Shagari, yau maganarmu a kan 'ya'yan da aure ya mutu ya bari ce.

Kowa ya san yadda a ke yi. Mutum ya saki mace a Bodinga, ta koma gidan iyayenta a Shagari, sai ya ce ɗa nasa ne, da an yaye shi ya aika a ɗauko. Uwar ta sayar da 'yar gyaɗarta ta biya kuɗin mota don ta ga ɗanta, sai a tsai da ita a zaure a ce maigida ba ya nan. Yaro kuwa yana ciki a hannun kishiyar uwa, ba mai tambayar ko ya ci ko bai ci ba.

Shin wace shari'a ce ta ce haka? Ba dai ta Malikiyya da alƙalanmu su ke hukunci da ita ba. A duba Risala, a duba Muhtasar na Halilu. Reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwa ta auri wani bare, reno ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan ƙanwar uwa ko yayarta, tun kafin a zo kan uba. Ci da tufafi a wuyan uba su ke. Shi ma yana da nasa haƙƙi, watau ya duba ɗansa, ya yi masa tarbiyya, ya sa shi makaranta, yaro ya koma ya kwana wurin mai reno. Kuma an shar'anta mai reno ya zama amintacce. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta hana a cuci uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Saboda haka macen da ta ɓoye ɗa don ta ƙuntata wa tsohon miji, ko ta bar agola mijinta yana jibgarsa, ita ma ba mu wanke ta ba.

Abin kunya ne a ce a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har 1815, Malam Abdullahi kuwa a Bodinga, a nan ne al'ada ta ke danne littafi. Dalili kuwa a fili ya ke. Mai kuɗi yana da bakin zuwa kotu, bazawara 'yar talaka ba ta da ko na mota, sai a ce mata ta yi haƙuri.

Kada wani ya ce muna kambama magana. A watan Agusta na 2020, a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, an kuɓutar da wani yaro ɗan kimanin shekara 10 wanda uwarsa ta rasu, an ɗaure shi cikin dabbobi wajen shekara biyu, a gidan ubansa. Ina maƙwabta? Ina mai unguwa? Da akwai ranar da dole dangin uwa su gan shi, da abin bai kai haka ba.

Doka ma akwai ta. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Sakkwato kuwa sai a Nuwamba 2021 Gwamna Tambuwal ya sa wa tata hannu. Amma takarda a ofis ba ta buɗe ƙofar zaure.

Ga abin da mu ke nema. Duk alƙalin da ya tabbatar da saki ya rubuta wanda zai yi reno, da kuɗin ciyarwa, da ranakun ziyara, ya ba kowa takardarsa. Wanda ya hana ziyara a kira shi kotu, ko ɗan wane ne. Ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma su riƙa leƙa marayu da agololi. Ku kuma 'yan kasuwa, in kun ga yaro mai talla da shatar bulala, ku tambayi gidansu, ku kai magana gaba.

Mu dai ba za mu yi shiru ba sai an gyara.