Sunan 'ya mace: Abin da mutanen Ailan suka ƙwato, mu kuma muke watsarwa

A yanzu da zarar an ce wance ta sauka, an samu mace, tun kafin a ɗora ruwan wankan jego an fara laluben waya. Mai jego tana duba jerin sunaye a Facebook da TikTok, ƙannenta suna turo nasu ta WhatsApp, ƙawaye kuma kowace da wanda ta ji a wani fim. Abin da ake nema shi ne sunan da babu mai irinsa a unguwa.

Da sunayen Larabawa aka fara, aka gangaro na finafinan Indiya, sannan na wasannin Turkiyya. Wanda kuma ya yi bincikensa da Turanci ba zai yi nisa ba zai ci karo da wasu sunaye masu ban mamaki a rubuce, irin su Aoife da Niamh da Saoirse da Siobhán. Waɗannan sunayen matan ƙasar Ailan ne, tsibirin da ke yamma da Birtaniya, kuma suna cikin waɗanda ake yayi a ƙasashen Turawa.

Ni a ganina akwai abin da ya kamata mu ɗauko daga mutanen Ailan, wanda ya fi sunayen nasu amfani a wurinmu. Shi ne labarin yadda suka kusa rasa sunayensu na gado saboda jin kunya, da yadda suka dawo da su. Hanyar da suka bi suka yi asara ita muke bi yanzu da su Ladi da Talatu da Kande.

Yadda suna ya zama abin gori

Ingila ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulkin Ailan. A tsawon wannan lokaci harshen mutanen ƙasar, wanda suke kira Gaeilge, ya koma harshen talaka da ɗan ƙauye, Turanci kuma ya zama na kotu da makaranta da neman aiki. Makarantun gwamnati da aka buɗe daga 1831 da Turanci suke koyarwa. Sai ga yunwar da ta auka wa ƙasar daga 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wasu kusan miliyan ɗaya zuwa ƙetare, kuma ta fi yin ɓarna a yankunan da ake magana da harshen gado.

Sunaye ma ba su tsira ba. Yarinyar da iyayenta ke kira Sorcha sai a rubuta ta Sarah. Mai suna Gráinne ta koma Grace, alhali babu abin da ya haɗa sunayen biyu ta fuskar asali. Ko shahararriyar jarumar tekun nan tasu, Gráinne Mhaol, wadda ta gana da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a 1593, da Grace O'Malley duniya ta fi saninta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne labarin sunan Bridget. Asalinsa sunan Brigid ne, waliyyiyar da Kiristocin ƙasar ke girmamawa ƙwarai, don haka gidaje da yawa suna da mai sunan. Da 'yan matan Ailan suka yi ƙaura zuwa Amurka suka shiga aikatau a gidajen masu kuɗi, sai sunan, musamman yadda ake gajarta shi a ce Biddy, ya zama inkiyar 'yar aiki mara wayo. Mata da dama suka ajiye shi, suka ɗauki wasu sunayen don su huta da gori.

Duk wanda ya san yadda ake amfani da sunan Talatu ko Lantana a wasannin barkwanci namu ya san wannan ciwo. In ana son nuna 'yar aiki ko 'yar ƙauye a fim, an san sunan da ake ba ta.

Yadda suka dawo da abinsu

A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge don farfaɗo da harshen. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Douglas Hyde, shi ne ya zama shugaban ƙasar na farko daga baya. Mutane suka fara mayar da sunayensu yadda kakanninsu ke faɗa, suka kuma tono tsofaffin sunaye daga tarihi da tatsuniyoyinsu suna sa wa 'ya'ya.

Sunan Saoirse, wanda ake furtawa kamar Sirsha, ma'anarsa 'yanci, kuma an fara sa wa yara shi ne a zamanin da ƙasar ke ƙwatar kanta daga Birtaniya, wajen 1922. Aoife ana furta shi Ifa, yana nufin kyau ko haske. Niamh ma haske yake nufi, kuma sunan wata ce a tsohuwar tatsuniyarsu. A 2021 sunan da aka fi sa wa 'yan mata a ƙasar shi ne Fiadh, ana furta shi Fiya, sunan gado tsantsa. Ita kuwa Brigid da aka yi wa masu sunanta gori, tun 2023 ake ba da hutu a ƙasar baki ɗaya don tunawa da ita a farkon watan Fabrairu.

Ba su sauƙaƙa wa kowa rubutun ba. Jarumar finafinan nan Saoirse Ronan ta sha koya wa 'yan jarida a Amurka yadda za su faɗi sunanta, ba ta kuma canza shi ba.

Akwai ma wani abu nasu da ya yi kama da namu. Sunan Maryam uwar Annabi Isa ya shiga harshensu ta fuska biyu: Muire sun keɓe shi ga ita kaɗai don girmamawa, Máire kuma shi ake sa wa sauran mata. Bahaushen da ya mayar da Maryam Mairo, ya ƙi kiran sunan mahaifiyarsa a bakin 'yarsa sai dai ya ce Ummi ko Mami, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sunayen Ailan kuma ba yau suka shigo Arewa ba. Limaman Katolika da mata masu hidimar coci daga ƙasar sun daɗe suna aiki a nan, su ne ma suka kafa makarantar St. Louis ta Kano. Shi ya sa za ka samu masu suna Bridget a Kudancin Kaduna da Filato. Iyayen da suka sa sunan sun san wadda suke yi wa takwara, kuma wannan shi ne abin da ya raba su da mai tsintar suna a waya.

Abin da muke da shi a gida

Sunayenmu na gargajiya labari suke bayarwa. Ladi ranar Lahadi aka haife ta, Altine ko Tani ranar Litinin, sai Talatu, sai Balaraba ko Larai, sai Lami ta Alhamis, Jummai ta Juma'a, Asabe ta Asabar. Azumi cikin watan azumi ta zo, Tasalla da Sallah, Marka lokacin da damina ta yi nisa. Kande da Delu su ne matan da suka biyo bayan maza, Gambo ta biyo tagwaye, Auta ta rufe ƙofa.

Ko sunayen da Musulunci ya kawo mana, kakanninmu sun sa musu rigar gida. A'isha ta zama Indo da A'i da Shatu, Khadija ta zama Dije da Hadiza, Hauwa'u ta zama Kulu, Fatima ta zama Binta, Zainab ta zama Abu, Hajara ta zama Hajo, Ruƙayya ta zama Rakiya.

Masu waɗannan sunaye ba su kunyata mu ba. Hajiya Gambo Sawaba, wadda sunanta na yanka Hajaratu, da sunan Gambo ta yi gwagwarmayar NEPU, ta sha ɗauri, har yau kuma da shi ake tuna ta. Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi, hotonta ne a bayan takardar naira 20. Balaraba Ramat Yakubu da sunan ranar haihuwa ta yi fice a rubutun Hausa.

Amma ka tambayi matasan iyaye a birni su nawa ne za su yarda a kira 'yarsu Asabe. Wadda ma ta taso da Kulu, da ta shiga jami'a sai ta koma Jidda, Indo ta koma Ayush. Babu wanda ya tilasta mana. Mutanen Ailan mulkin mallaka da yunwa ne suka raba su da sunayensu, mu kuwa da hannunmu muke yi, don kada a ce mana 'yan ƙauye.

Daɗin ji ba ya wadatarwa

Za a ce ai iyaye suna da 'yancin zaɓa wa 'yarsu sunan da suke so, kuma zamani riga ne. Haka ne. Za a kuma ce su Ladi da Jummai laƙabi ne, sunan yanka daban yake, kuma mafi alheri a yi wa matan Annabi da sahabbai mata takwara. Wannan ma babu gardama a kai, domin dama haka aka saba: a yi huɗuba da A'isha, a yanka rago da shi ranar bakwai, a kira ta Lami a gida. Ba na kira a daina sa Fatima da Maryam.

Abin da nake ja da shi shi ne suna da ake ɗauka saboda daɗinsa a kunne kawai. Addini kansa ya damu da ma'ana. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya canza wa wata 'yar Sayyidina Umar suna daga wanda ke nufin mai saɓo zuwa Jamila, ya kuma canza sunan Barra zuwa Zainab. Ba kowace kalma ce da ta yi kama da Larabci take zama suna ba, ko da kuwa an ji ta a cikin karatu. Misali kalmar "minal" a Larabci tana nufin "daga", sunan da Larabawa suka sani shi ne Manal. Shafukan da ke jera sunaye a intanet kuma sukan kwafi juna ne, in na farko ya yi kuskuren ma'ana sauran su bi shi.

Sai batun furuci. Hausa ba ta da sautin da ke ƙarshen Niamh ko tsakiyar Siobhán, wanda ake rubutawa da "mh" ko "bh" amma ake furtawa dabam. Kakar yarinya ba za ta iya faɗa ba, malamin Islamiyya zai karanta yadda ya gani, ma'aikacin rajista zai rubuta yadda ya ji. A Ailan akwai al'umma guda da ta san sunan take kuma tsaya masa. A Funtuwa ko Maraɗi yarinyar ita kaɗai za ta yi ta gyara wa mutane har ta tsufa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wahalar takardu, wadda mata suka fi sha. An yanka rago da A'isha, ana kiranta Ihsan a gida, an sa ta makaranta da Ihsan, an yi mata takardar haihuwa da Aishatu, an yi NIN da Aysha. Ranar da za ta yi rajistar JAMB ko ta buɗe asusun banki ko ta nemi fasfo na aikin Hajji sai a ce sunayen ba su yi daidai ba. Daga nan sai zarya zuwa kotu neman takardar rantsuwa, wani lokaci har ta rasa jarrabawar shekara.

Kafin ranar suna

Kwana bakwai ake da su, kuma sun isa a yi abubuwa kaɗan. A tambayi wanda ya san harshen da sunan ya fito, malamin Larabci in na Larabci ne, kada a tsaya ga abin da waya ta nuna. A sa kakar yarinya ta faɗi sunan, in ya gagare ta a sake tunani. A tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a bi shi a ko'ina. In za a yi alkunya a yi, amma a san wanne ne zai shiga takarda.

Maigida kuma ya saurari mai jego. Ita ta ɗauki cikin wata tara, ita za ta fi kowa kiran sunan. Al'adar nan ta wasu maza ta sa wa 'ya sunan tsohuwar budurwa cin fuska ne ga matar gida, kuma yarinyar ce ke girma da tabon.

Daga ƙarshe, in an zo zaɓen sunan da za a riƙa kiranta da shi a gida, a waiwayi namu. Yarinyar da aka haifa ranar Juma'a ba ta rasa komai ba don an ce mata Jummai, wadda ta biyo bayan maza uku kuma Kande ta dace da ita. Masu shirya finafinai da marubuta su ma su taimaka, su bar likita ko lauya ta amsa sunan Talatu ko sau ɗaya ne.

Hausawa na cewa suna linzami ne. Yarinyar da ke kwance cikin zani yau ba ta da bakin cewa ga wanda take so, amma da shi za a kira ta a aji, da shi za a ɗaura mata aure, da shi 'ya'yanta za su yi mata addu'a. Haƙƙinta ne a kanmu mu ba ta wanda in ta girma ta tambayi dalilinsa za mu iya ba ta amsa.