Jama'ar Attantane, Mu Tashi Mu Kare Yaranmu!

Ya ku iyaye maza da mata na Attantane, ya ku masu gari, limamai, malaman allo da na boko, daga nan har Mayahi da Tasawa, ina roƙon ku saurare ni.

Yarinya ta dawo daga talla kuɗi bai cika ba, sai a ɗaure ta a zane ta da igiyar guga. Yaro ya yi gyangyaɗi wurin kiwo awaki sun faɗa gonar gero, sai a farfasa masa baya da dorina har ya kasa kwanciya. Maraya ɗan riƙo ya buɗe tukunya saboda yunwa, sai a ɗora masa garwashi a tafin hannu. Muna jin ihunsu ta bayan danga, mu ce maganar cikin gida ce. Wallahi wannan shirun namu shi ke ƙara wa azzalumi ƙarfin hannu!

Ku sani, dokar Nijar ta kira wannan aiki laifi. Kundin hukunta manyan laifuka da ƙanana na 1961, wanda aka yi wa gyara a 2003, ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar jikka 10 zuwa jikka 100 ga wanda ya doki mutum ko ya ji masa rauni da gangan. In wanda aka doka yaro ne da bai kai shekara 13 ba, hukuncin yana ƙara nauyi. In duka ya kai ga naƙasa ko rasa rai, shekaru masu yawa ne a gidan kaso. Hana yaro abinci ko kulawa har lafiyarsa ta taɓu, shi ma laifi ne. Dokar ba ta ware uba ko uwa ko kishiyar uwa ko malami ba. Tun 1990 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, kuma dokar kotunan yara ta 2014 ta ba alƙalin yara ikon ɗaukar matakin kare duk yaron da ke cikin haɗari.

Wani zai ce, "Ɗana ne, ni na haife shi." Wani ya ce, "Mu ma haka aka tashe mu." Ba wanda ya hana tarbiyya. Tsawata wa ɗanka, yi masa faɗa, sa shi ya gyara ɓarnar da ya yi. Amma karya ƙashi da ƙona fata da sa mari a ƙafa fushi ne aka huce a kan marar ƙarfi. Ɗa amana ne a hannunka, kuma za a tambaye ka. Anas ɗan Malik yana yaro ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, Manzo bai taɓa ko kyararsa ba. Wa ya fi shi iya tarbiyya?

Mun ga inda shiru ke kaiwa. A Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. A watan da ya biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura, nan kusa da iyakarmu. Su ma suna da maƙwabta.

To, ga aikinmu. In ka ji ana azabtar da yaro, shiga ka ƙwace shi, ai ɗa na kowa ne. In ya ji rauni, a kai shi likita nan take, a nemi takardar shaidar rauni, domin ita ce hujja gaban alƙali. A sanar da mai gari da kwamitin kare yara in akwai shi a garin, sannan a kai ƙara wurin jandarmomi ko kotun Mayahi. Masu gari, kar ku kashe maganar jini da "a yi haƙuri, a rufa asiri." Yaron da aka mayar hannun wanda ya karya shi ba tare da wani mataki ba, gobe abin da ya fi na yau za a yi masa.

Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a. Mata, ku faɗa a bakin rijiya da gidan suna. Samari, ku faɗa a fada da kasuwa. A ji shi ko'ina cikin Attantane: wanda ya ji wa yaro rauni zai amsa gaban shari'a, kuma mu ne shaidu. Allah ya ba mu ƙarfin halin tsayawa!