Daidai Aiki, Daidai Haske

 A wannan karo za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi zancen fitila.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, tayar da janareta kowane dare ya fi ƙarfin yawancinmu. Saboda haka ƙungiyoyi da dama sun tara kuɗi sun sayi farantin sola da batir, suka rataya fararen gulob ɗin nan da ake kira LED a ɗakin kaji, da ɗakin ajiya, da ɗakin shan magani, da majami'a, da gidajensu. Wannan ci gaba ne. Amma kuka iri ɗaya ake yi a wurare da yawa, wato tun dare bai yi nisa ba batir ya ƙare, an koma duhu. Nan da nan sai a ce a ƙara tara kuɗi a sayo wani batir.

Ra'ayinmu shi ne, kafin ƙungiya ta sake zuba kuɗi a batir, ta fara koyon rage haske, ta kuma rage shi ta hanyar da ta dace. Haske kamar taki ne. Yana da awo, in kuwa ya wuce awo, kuɗi ne aka zubar.

Iyayenmu sun san wannan tun zamanin fitilar ƙwai. In za a ƙirga kuɗi ko a tsince shinkafa, sai a ɗaga lagwani. In an zo kwanciya sai a sauke shi, kananzir kwalba ɗaya ya daɗe. Da wutar lantarki ta zo, sai ta zo da makunni mai magana biyu kawai, ko a kunne ko a kashe, muka saba da haka. Yanzu da wutarmu take zaune cikin batir kamar hatsi cikin rumbu, dole mu koma ga awo.

Bari mu yi lissafi

A ɗauki batir mai bolt 12 wanda aka rubuta 100Ah a jikinsa. In ya cika, yana ɗauke da wutar da za ta ba da wat 1,200 na sa'a ɗaya. Amma irin batir mai darma ba a so a sha fiye da rabinsa, gama kwashe shi ƙarƙaf kowane dare yana gajarta kwanansa. Abin da muke da shi ke nan wat 600. In an rataya gulob 10, kowane wat 10, suna cin wat 100, wato sa'a 6 ke nan. In an kunna da ƙarfe 7 na yamma, ƙarfe 1 na dare an gama. Amma in aka rage haskensu zuwa rabi, cinsu ma yana sauka kusan rabi, wutar ta kai mu wayewar gari, da batir ɗin nan ɗaya.

Wani abin kuma, ido ba ya auna haske kamar yadda na'ura take aunawa. In aka sauke haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ido yana ganin kamar rabi ne kawai ya tafi. Abin da muke adanawa ya fi abin da muke ganin mun rasa.

Dalilin da ya sa LED ba ya jin maganar tsohon maragi

Tsohon gulob mai zare yana ba da haske ne domin zarensa ya yi zafi. Kashi 9 cikin 10 na wutar da yake ci a zafi take tafiya. Rage masa wuta ba wuya, zaren kawai zai ɗan huce, hasken ya yi ja. LED dabam yake. Waɗansu masana uku na ƙasar Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su ne suka gano yadda za a yi LED mai shuɗin haske a farkon shekarun 1990, daga nan aka sami farin da muke amfani da shi, aka kuma ba su lambar Nobel a 2014. Gulob na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon gulob mai wat 60.

Amma a cikin wuyan kowane gulob na LED mai aiki da wutar NEPA akwai 'yar na'ura da take karɓar bolt 230 ta mai da shi 'yar wuta kaɗan mai tafiya daidai. Maragin haske na dā, wanda ake murɗawa a bango, yana aiki ne ta wurin datse wani yanki na wutar da take shigowa. An yi shi domin gulob mai zare mai cin wuta da yawa. In aka haɗa shi da LED wanda ba a ƙera domin ragewa ba, 'yar na'urar nan sai ta shiga kokawa, tana neman ta riƙe haske yadda yake. Sai a ga gulob yana ƙyafce-ƙyafce, ko a ji yana ƙugi, ya yi zafi, ba da daɗewa ba ya mutu. Haka nan maragin fanka. Kada kowa ya ɗauko shi ya haɗa da fitila domin yana da arha. Araha ba ta ado.

Hanyoyi huɗu

Ta fari ba ta cin kuɗin kirki. A raba fitilun ɗaki ɗaya kan makunni biyu ko uku, domin ranar da mutum 10 suka zo taron kwamiti kada a kunna wutar mutum 200. A sa ƙaramin gulob mai wat 3 a zaure, da makewayi, da hanyar rumbu. A sauko da fitila kusa da wurin aiki maimakon a maƙala ta can ƙoli. A shafe bango da farar ƙasa, gama farin bango yana mayar da haske. Fitilun sola na hannu kuwa, yawancinsu suna da mataki biyu ko uku a makunninsu. A koya wa yara su bar su a ƙaramin mataki in ba karatu suke yi ba.

Ta biyu domin masu ɗaukar wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12 ce. Akwai ɗan maragi da yake kunnawa yana kashewa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da idon mutum ba ya gani. In lokacin kashewa ya fi tsawo, sai haske ya ragu. Yana aiki sosai da LED irin na ɗamara da ake mannawa a jikin katako. Waɗansu gulob masu bolt 12 ba sa yarda da shi, saboda haka a gwada ɗaya tukuna. A kuma duba nauyin da zai iya ɗauka. Wat 100 a kan bolt 12 ya ɗan wuce amfiya 8, don haka maragi da waya dole su fi ƙarfin wannan, in ba haka ba za su yi zafi, zafin waya kuwa a ɗakin ciyawa ko na ɓuntu gobara ce.

Ta uku domin masu wutar NEPA ko inbata ce. A nan dole abu biyu su dace da juna. A duba kwalin gulob a ga an rubuta kalmar Turancin nan "dimmable", wato wanda ake iya ragewa. In babu ita, a ɗauka ba ya raguwa. Maragin kuma ya zama wanda aka rubuta a jikinsa cewa na LED ne. In an rubuta yawan wat na LED da yake ɗauka, a bi wannan. In ba a rubuta ba, masu aikin wuta suna raba adadin da 10, wato maragi mai wat 400 kada a ɗora masa LED fiye da wat 40. A sa gulob iri ɗaya a kan maragi ɗaya. A kuma sani, wutar ƙaramin janareta da ta inbata mai arha ba ta tafiya sumul, tana iya sa ƙyafce-ƙyafce ko da kayan sun dace.

Ta huɗu ta manyan wurare ce, kamar masana'antu da asibitoci da manyan gonakin kaji. Ana jan waɗansu siraran wayoyi biyu dabam masu ɗaukar bolt 0 zuwa 10, su ne suke gaya wa dukan fitilu yawan hasken da za su bayar. Wannan aikin gwani ne.

A ɗakin kaji

Masu kiwon kaji su ne za su fi cin ribar wannan magana. Kaza mai ƙwai tana bukatar haske na kamar sa'a 16 a yini. A ƙasarmu rana tana ba ta kamar sa'a 12, fitila ta cika sauran. Amma ba ta bukatar haske mai kashe ido. In mutum zai iya karanta jarida a tsayin mazubin abinci, ya isa. Haske mai yawa yana sa kaji su yi ta saran juna har su fid da jini. Sai dai a lura da kyau, ƙarfin haske ake ragewa, ba a taɓa yawan sa'o'i, gama in yini ya gajarta wa kaza sai ta rage ƙwai.

'Yan tsaki a makon fari suna son haske sosai domin su ga abinci da ruwa. LED kuma ba ya ɗumama su kamar tsohon gulob, saboda haka kada a ɗauke kaskon gawayi ko rishon da ake ɗumama su da shi. In lokacin kashe fitila ya yi, a sauke ta a hankali cikin minti 15 zuwa 30 kamar faɗuwar rana, domin duhun farat ɗaya yana firgita kaji su hau kan juna. Idon kaza kuma yana kama ƙyafce-ƙyafcen da namu ba ya kamawa. A ɗora kyamarar waya a kan fitilar bayan an rage ta. In an ga baƙaƙen layuka masu kauri suna gudu, a nemi wani maragin.

Ga masu jayayya

Wani zai ce ɓarawo duhu yake so, me zai sa mu rage haske? Amsa ita ce, fitilar da ta haska kamar rana ta mutu ƙarfe 1 na dare ta bar wa ɓarawo lokacin da ya fi so. Matsakaicin haske da zai kai asuba ya fi tsaro. Akwai ma fitilun sola na waje da suke zama da ɗan haske, sai sun ji motsi su ƙaru.

Wani zai ce gulob mai raguwa da maraginsa sun fi tsada. Gaskiya ne. Amma a je kasuwa a tambayi kuɗinsu, a tambayi na sabon batir, a gwada. LED da ba ya yin zafi sosai kuma ya fi daɗewa.

Wani kuma zai ce za a ɓata wa mutane ido. A nan muna tare da shi a waɗansu wurare. Kada a rage haske a wurin injin niƙa, ko inda ake karɓar haihuwa da ɗaurin ciwo, ko a kan keken tela, ko a teburin da yara suke karatu, ko inda ake awon hatsi da ƙirgar kuɗin ƙungiya. Wutar da aka adana a zaure da tsakar gida, ita za a kai waɗannan wurare. Domin ɗakin kwana kuwa, a sani LED ba ya komawa ja in an rage shi kamar tsohon gulob. Gara a sayi mai ruwan ɗorawa tun farko, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa. Farin nan mai 6500K ya fi jawo ƙwari, yana kuma jinkirta barci.

Abin da muke roƙon kowace ƙungiya

A taro mai zuwa a zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zaga da dare su rubuta kowace fitila, da wat nata, da aikin da ake yi a ƙarƙashinta. A fara da raba makunni da sauya gulob. In za a sayi maragi, a sayi guda ɗaya da gulob biyu a gwada mako guda, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. In sun yi, ƙungiyoyin gunduma su haɗa kuɗi su saya a sari, iri ɗaya, da rasiɗi. A tura saurayi ko budurwa ɗaya ta koyi aikin wuta wurin gwani, kada kuma kowa ya taɓa waya sai an kashe wuta daga tushe. Magatakarda ya riƙa rubuta lokacin da wuta take ƙarewa kowane dare, kafin gyara da bayan gyara, har wata ɗaya. Sa'an nan a kawo littafin gaban taro, a yanke shawara ko har yanzu ana bukatar sabon batir.

Allah ya ba mu damina mai albarka.