An Tsirar Da Birni, An Bar Masu Lambu Da Ruwan Zartsi

A ƙasar Senegal akwai wani tsohon birni a bakin teku, Turawa na kiransa Saint-Louis, mutanen wurin kuwa Ndar suke cewa. Nan ne hedkwatar ƙasar har 1957. Kogin Senegal ya biyo ta cikinsa, amma ba ya faɗawa teku nan take, don akwai wani dogon zirin rairayi da ya shiga tsakaninsu, sai kogin ya yi ta gangarawa kudu mil da yawa kafin ya sami ƙofa. A gefen kogin, kudu da birni, nan ƙasar Gandiol take, ta masu lambun albasa. Irin da aka fi nomawa a Senegal kuwa albasar Galmi ce ta ƙasar Nijar, wadda kowane ɗan kasuwa ya sani.

Cikin watan Oktoba na 2003 kogi ya cika, ya tasam ma cin birni. Sai hukuma ta sa aka yanka zirin nan da dare, kamar mil 4 kudu da gari, don ruwa ya sami hanya ta kusa. Faɗin abin da aka haƙa bai wuce yadi 4 ko 5 ba. Ruwa ya janye, gari ya tsira, wannan ba musu.

To, amma teku ba ta san iyaka ba. Kafin 'yan kwanaki ƙofar ta zama yadi ɗaruruwa, da shekaru suka tura sai da mil ake aunata. Teku kuwa takan cika ta janye sau biyu kowace rana, saboda haka duk cikar da ta yi sai ta turo ruwan gishiri cikin kogi. Igiyar ruwa ta cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, mutanensa suka tashi. Masunta da yawa sun halaka wajen ƙetare ƙofar.

Ɓarnar da ba a gani da ido ita ta fi shafar manomi. A bakin teku ruwan sama yakan nutse cikin rairayi ya zauna bisa ruwan gishiri, don ya fi shi rashin nauyi, kamar yadda mai ke tasowa kan miya. Shi masu lambu ke ɗiba a 'yan gajerun rijiyoyinsu. Masana sun auna cewa in ruwan daɗin nan ya ragu da ƙafa 1 daga sama, na gishiri yakan hauro kamar ƙafa 40 daga ƙasa. Da teku ta matso, sai rijiyoyin da ke kusa da gaɓa suka zama zartsi, gishiri ya fito fari fat bisa ƙasa kamar kanwa. Albasa kuwa ba ta jure gishiri ko kaɗan. Mutum ya tashi da lambu, ya wayi gari ba shi da komai sai fili.

Ba wanda zai ce a bar birni ya nutse don albasa. Laifin shi ne an yanke shawara cikin gaggawa, an lissafa gidaje, ba a lissafa rijiyoyi ba. Tun 1986 aka gama madatsar Diama a arewa da birni don a hana gishiri hawa kogi, watau hukuma ta daɗe da sanin halinsa. In an san rana irin wannan za ta zo, da tun da rani ya kamata a shirya mata, a gina ƙofa mai duwatsu gefe da gefe wadda ba za ta ƙara faɗi ba.

Daga 2018 an sami kuɗin Faransa da na Bankin Duniya, an jera duwatsu gaban unguwannin masunta, an kuma tashi wasu iyalai daga gaɓa. Madalla. Sai dai dutse igiya yake tarewa, ruwan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa da shi. Abin da zai amfani Gandiol shi ne a kawo mata ruwan kogi daga bayan madatsar Diama, isasshe, har ya wanke ƙasa ya cika rijiyoyi. A kuma sa ƙa'ida kan injin ban ruwa, don mai inji ɗaya in ya zurfafa ja, sai ya jawo gishiri har cikin rijiyar maƙwabcinsa mai ɗiba da guga.